"Ku yi mini allurar da zan huta": hanyar da muke bi bayan majinyaci ya faɗi haka

Maganar ta fi fitowa da tsakar dare ko gab da asuba, sa'ad da masu jinya suka ɗan runtsa, ɗaki ya yi tsit. Kuma ba kasafai ake faɗa wa babban likita ita ba. Nas ɗin da ta zo juya majinyaci, ko mai canja zanin gado, su suka fi jin ta: "Na gaji. Ku yi mini allurar da zan huta." Mu da aikinmu shi ne kula da waɗanda cutarsu ta fi ƙarfin magani, muna ɗaukar wannan jimla kamar yadda ake ɗaukar zazzaɓi, wato alama ce da sai an bi diddiginta. Akwai hanyar da muke bi daga nan, kuma yawancin tambayoyin daidai da kuskure a kan wannan hanya ake warware su, tun kafin a kai ga muhawarar da ake tafkawa a majalisun dokoki kan halatta wa likita ya taimaka wa majinyaci ya mutu.

Abu na farko a jawo kujera a zauna. Wanda ya amsa yana tsaye, hannunsa a kan ƙofa, ya riga ya ba da amsa tun bai buɗe baki ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne saurin toshe bakin majinyaci da lallashi: "Haba Baba, ku daina faɗin haka, za ku warke." Ya san ba zai warke ba, jiki magayi. Abin da zai ɗauka kawai shi ne nan ba wurin faɗin gaskiya ba ne, sai ya kama bakinsa, kuma shirun nan ya fi maganar haɗari. Mukan ce: "Baba, na ji abin da kuka ce. Me ya fi damun ku a daren nan?" Sai a saurara, ko da za a yi minti guda ba wanda ya ce uffan. Tambaya ta biyu: "Da za a ɗauke muku abu ɗaya tak cikin abin da kuke ji, wanne za ku zaɓa?" Amsar ita ke nuna inda za a fara. Wani ya ce zogin ƙashin baya, wani ya ce numfashi, wani ya ce ganin 'yarsa tana wanke masa jiki.

A daren nan ake tambayarsa kai-tsaye ko ya yi tunanin yi wa kansa wani abu, ko ya tara ƙwayoyi a ɓoye. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin da ba shi da shi, sai ma ta sauke masa nauyi. Sannan a rubuta kalmominsa yadda ya furta su, da lokaci, da wanda ke wurin. Ba a rubuta "majinyaci yana son mutuwa", domin "na gaji", da "ina ma wahalar nan ta ƙare", da "ku kashe ni yau" maganganu uku ne daban-daban, kuma wanda zai karɓi aiki da safe yana buƙatar sanin wacce aka faɗa.

A 1995 likitan ƙwaƙwalwa Harvey Chochinov da abokan aikinsa a Kanada sun tambayi majinyata 200 masu ciwon ajali. Kusan kashi 45 cikin 100 sun ce jefi-jefi sukan so mutuwa ta zo da wuri, amma 17 ne kawai, wato kashi 8.5, wannan buri ya zauna musu daram. Cikin waɗannan 17, fiye da rabi suna fama da ciwon damuwa, alhali a cikin sauran bai kai kashi 8 ba. Shi ya sa ba ma yanke komai da maganar dare ɗaya.

Washegari jiki ake dubawa, daga kai har ƙafa. Abubuwan da suke sa mutum ya roƙi mutuwa sau da yawa ƙanana ne har abin ya ba ka kunya. Fitsari ya riƙe, mafitsara ta cika tam, robar fitsari ta minti biyar ta raba shi da azabar. Bayan gida ya ƙi fita kwana takwas. Fari-farin nan da ke fitowa a baki da maƙogwaro ya hana shi haɗiyar ko yawu. Gyambon kwanciya a ƙugu wanda ba wanda ya gani saboda ba a juya shi. Sinadarin kalsiyam ya hau a jini, abin da ke yawan faruwa idan sankara ta shiga ƙashi, ya kawo ƙishirwa da ruɗewa. Kowanne cikin waɗannan yana da magani.

Sai raɗaɗi kansa. Muna sa shi ya auna daga 0 zuwa 10, ya nuna wurin da yatsa, ya faɗi irinsa. Ciwon jijiya, mai kama da ƙuna ko jan wutar lantarki, ba ya jin mofin, maganin ciwo mai ƙarfi, sosai, sai an haɗa da irin su amitiriftilin ko gabafentin. Ciwon ƙashi sau da yawa gashi da na'urar gashin sankara sau ɗaya a wurin yana sassauta shi. Ga wanda bai taɓa shan mofin ba, ana farawa da miligiram 2.5 zuwa 5 ta baki duk awa huɗu, bisa agogo, ba sai ya yi kuka ba. Mu ɗauka miligiram 5 ne: sau shida a yini ya zama 30. Idan ciwo ya taso tsakanin lokuta, ana ba shi ƙari daidai da kashi ɗaya cikin shida na jimlar yini, wato 5. Bayan awa 24 a ƙirga. In ya karɓi ƙari sau uku, buƙatarsa ta gaskiya 45 ce, sai a mayar da kowane shan 7.5. Ba a ƙara fiye da kashi 30 zuwa 50 cikin 100 a tashi ɗaya. Ranar da haɗiya ta gagara, a koma allura ƙarƙashin fata da rabin adadin, mai shan 60 ta baki ya koma 30. Wanda ya manta raba biyun nan ya ninka wa majinyaci magani ba da saninsa ba, kuma wannan yana daga kurakuran da aka fi gani lokacin sauya hanya.

Hannun da ya rubuta mofin shi zai rubuta maganin sassauta ciki a rana ɗaya, domin jiki yakan saba da gyangyaɗi da tashin zuciya cikin 'yan kwanaki, amma ba ya sabawa da bushewar ciki. Kuma a duba ƙoda. Idan ƙoda ta gaza, ragowar mofin takan taru a jini, sai a ga tsoka tana fizga, ƙwayar ido ta tsuke, barci ya yi nauyi, numfashi ya sauka ƙasa da takwas a minti. Nan ba ƙari ake yi ba, ragewa ake yi ko a sauya zuwa wani maganin ciwon mai suna fentanil. Iyali da yawa suna tsoron mofin, suna cewa ita ce "allurar ƙarshe". Dalilin wannan suna shi ne a wurare da dama ba a bayar da ita sai mutum ya kai gargara, sai a ɗora mata laifin abin da cuta ta riga ta gama. Idan an hau da ita a hankali yadda na bayyana, ba ta gajarta kwana. Binciken da Jennifer Temel ta jagoranta a Boston, wanda aka buga a 2010 kan mutum 151 masu sankarar huhu, ya ma nuna waɗanda aka fara musu irin kulawarmu da wuri sun rayu kimanin wata 11.6, sauran kuwa 8.9.

Cicely Saunders, wadda ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan a 1967, ita ta koyar da cewa ciwon mai ciwon ajali ba a jiki kaɗai yake ba: akwai tsoro, akwai bashi, akwai ɗan da ba su magana shekara goma, akwai tambayar abin da zai tarar. Mofin ba ta taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan. Shi ya sa kwana na biyu zuwa na uku muke shigo da mai ba da shawara, da malamin addinin majinyaci idan yana so.

A waɗannan kwanaki ne ake auna abu biyu da ake yawan cakuɗa su. Na ɗaya, ciwon damuwa. Rama da rashin barci da ƙin abinci ba sa nuna komai a nan, tunda cutar kanta tana kawo su. Abin da muke nema shi ne ya ce shi ba shi da amfani, ya ɗora wa kansa laifin da ba nasa ba, ko jikansa ya shigo fuskarsa ba ta motsa ba. Na biyu, ko hankalinsa ya isa yanke shawara. Ana gwada abu huɗu: ya fahimci bayanin da aka yi masa, ya riƙe shi, ya auna riba da hasara a kan kansa, ya kuma faɗi zaɓinsa. Ba a ce "kun gane?" domin kowa zai ce e. Ana cewa: "Mama, ku maimaita mini da bakinku, me zai faru idan aka daina wankin ƙodar nan?" A yi gwajin da hantsi, a sake da yamma, saboda ruɗewa takan zo ta tafi, kuma ta fi tsananta da faɗuwar rana. Zaɓin da bai yi wa likita daɗi ba ba hujja ce ta rashin hankali ba. Wannan kuskure ne da masu ilimi suka fi faɗawa ciki: muddin majinyaci ya yarda da su lafiyarsa ƙalau, ranar da ya ƙi sai a kira likitan ƙwaƙwalwa.

Dole a gan shi shi kaɗai aƙalla sau ɗaya, ba mata, ba 'ya'ya. Matsin lamba ba kasafai yake zuwa da tsawa ba. Ajiyar zuciya ce a bakin ƙofa, lissafin kuɗin magani ne da aka yi a gabansa ana zaton yana barci. Bayan haka, da izininsa, a tara iyali. Muna farawa da tambayar me suka sani, domin sau da yawa kowa ya sani amma kowa yana ɓoye wa kowa. A zaman nan ake neman ya naɗa wakili ɗaya da zai yi magana a madadinsa ranar da baki ya rufe, kuma a rubuta wasiyyar jinya: abin da ya yarda a yi masa da abin da bai yarda ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin wakili shi ne ya faɗi abin da majinyaci zai ce, ba abin da shi wakilin yake so ba, kuma sai an nanata masa wannan fiye da sau ɗaya. Akwai kuma wanda kowane mai wannan aiki ya sani, ɗan da ke nesa, wanda ya iso ana saura kwana biyu ya ce a yi duk abin da za a iya. Ba mugunta ba ce, nadamar rashin zuwa da wuri ce. Maganinsa a kira shi a waya tun zaman farko.

Yanzu aka zo kan abin da za a iya dainawa, kuma nan mutane suka fi ruɗewa, suna ganin duk ɗaya ne da kisa. Ɗauki danna ƙirji idan zuciya ta tsaya. Ana danna shi zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, haƙarƙarin tsoho yakan karye. A asibitoci masu kayan aiki, kusan mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar ne ke komawa gida da rai bayan haka, ga wanda sankara ta bazu a jikinsa yana kwance kuwa adadin ya yi ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Don haka rubuta "kada a danna ƙirji" ba ya nufin a daina kula da shi. Sai dai wannan rubutu yana da illa da muke sa wa ido: wasu ma'aikata da sun gan shi sai su rage leƙa ɗakin. Mai wankin ƙoda da ya ce ya isa, yawanci mako ɗaya zuwa biyu yake yi, kuma a gaya masa haka ƙarara kafin ya yanke. Robar abinci ga wanda ciwon mantuwa ya kai matuƙa ba a ga ta ƙara kwana ba, sai dai a ƙare da ɗaure masa hannu don kar ya cire ta. Ƙarin ruwa a kwanakin ƙarshe yakan taru a huhu da ƙafafu.

Cire na'urar numfashi ba shi ne kashewa ba, kuma akwai misalin da ya nuna haka a fili. A 1976 kotun ƙoli ta jihar New Jersey a Amurka ta yarda a cire wa Karen Ann Quinlan, wata matashiya da ta faɗa doguwar suma, na'ura. Aka cire, ta ci gaba da numfashi da kanta har 1985. Da allurar kisa ce da ba ta kai yamma ba. A wajen cirewa cuta ce ke yanke hukunci, kuma wani lokaci ba ta yanke ba. Malaman addinai sun daɗe da bambance wannan. Fafaroma Pius na 12 ya faɗa wa likitoci a 1957 cewa ba dole ba ne a ci gaba da hanyoyin da suka wuce kima. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta cire na'urori idan ƙwararrun likitoci sun tabbatar ƙwaƙwalwa ta daina aiki gaba ɗaya ba dawowa, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ita ma ta halatta cirewar a 1987. Amma a Oktoban 2019 wakilan Musulmi da Kirista da Yahudawa sun sa hannu kan takarda ɗaya a fadar Vatican suna ƙin ɗaukar rai da gangan, a watan ne kuma Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta sake jaddada adawarta a taronta na Tbilisi.

Saura mataki mafi nauyi a ɓangarenmu. Akwai 'yan kaɗan da duk abin da aka gwada ya gaza: numfashi ya sarƙe kamar mai nutsewa, ko ruɗewa mai firgici da ba ta jin haloferidol, maganin da aka saba ba mai ruɗewa. Ga waɗannan akwai sa barci da gangan, yawanci da midazolam ta ƙaramin injin da ke tura allura a hankali cikin awa 24. Sharuɗɗanmu: likita na biyu ya tabbatar ba sauran dabara, majinyaci ko wakilinsa ya yarda, kuma idan barcin mai zurfi ne marar yankewa, a ga cewa kwanakin da suka rage ba za su wuce kamar mako biyu ba. A fara da kaɗan, a duba bayan 'yan mintoci, a tsaya a daidai inda goshi ya saki, numfashi ya lafa. Ana cewa niyya a zuci take, ba mai ganin ta. A wannan aiki ana ganin ta a takardar magani. Wanda ke nufin sauƙaƙa wahala, adadinsa yana hawa kaɗan-kaɗan, kowane ƙari da dalilinsa a rubuce a gefensa, kuma yana tsayawa da zarar majinyaci ya samu natsuwa. Wanda ke nufin wani abu daban, adadinsa tsalle yake yi, kuma yana ci gaba da hawa bayan ɗaki ya yi shiru. Duk wanda ya iya karanta takardar zai bambance su cikin minti biyu. Akwai tarko ɗaya a nan: iyali su gaji, su ce "likita, a ƙara masa mana". Ana ƙara magani don wahalar majinyaci ne, ba don wahalar masu kallo ba. Su zama da bayani suke buƙata.

A mafi yawan ƙasashen duniya hanya a nan ta tsaya. A wasu kuwa tana da reshe na biyu, inda doka ta yarda a taimaka wa majinyaci ya mutu, kuma ya kamata a san yadda yake tafiya a zahiri kafin a yabe shi ko a kushe shi. Iri biyu ne. A jihar Oregon ta Amurka, inda doka ta fara aiki a 1997, likita yana rubuta magani ne kawai, majinyaci ya sha da hannunsa. Sai ya kai shekara 18, likitoci biyu sun yarda bai fi wata shida ya rage masa ba, ya roƙa da baki sau biyu da tazarar kwana 15, ya kuma rubuta a gaban shaidu biyu. Daga 2020 ana iya ɗage jiran ga wanda ba zai kai kwanakin ba. Suwizalan ma da hannun mai shi ake yi, bisa sashe na 115 na dokar laifuffukanta da ke aiki tun 1942, wanda bai hukunta mai taimakawa sai in da son zuciya a ciki. A Holan da Beljiyam kuwa, tun 2002, likita da kansa yake yin allurar. Dokar Holan ba ta ce sai mai ciwon ajali ba. Sharuɗɗa shida ta gindaya: roƙo na raɗin kai da aka yi tunani a kansa, wahalar da ba ta jurewa kuma ba alamar sauƙi, an yi wa majinyaci cikakken bayani, babu wata mafita mai ma'ana, likita na biyu mai zaman kansa ya gan shi ya rubuta ra'ayinsa, sannan a aiwatar bisa ƙa'idar aikin likita. Bayan mutuwar ake kai rahoto ga kwamiti mai lauya da likita da masanin ɗa'a. A lura da kalmar "bayan". In an yi kuskure, wanda aka yi wa ba ya nan.

Hujjar masu goyon baya ba abin wasa ba ce, kuma wanda bai taɓa tsayawa kan mai sankarar maƙogwaro ba kada ya yi saurin raina ta. Suna cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma tunda an yarda mutum ya ƙi na'ura ya mutu cikin mako, me ya sa za a hana shi abin da zai taƙaita makon? Suna kuma nuna cewa a Oregon kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka rubuta wa maganin ba sa shan sa, samun sa a aljihun tebur kawai ya kwantar musu da hankali.

Amma alƙaluman Oregon ɗin suna faɗin wani abu kuma. Dalilin da aka fi bayarwa ba raɗaɗi ba ne. Kusan tara cikin goma suna ambaton rasa ikon tafiyar da rayuwarsu da kasa yin abubuwan da suke jin daɗi, kusan rabi suna ambaton zama nauyi ga iyali, raɗaɗi ko tsoronsa kuwa yana can ƙasa, wajen kashi ɗaya cikin uku ko huɗu. Kenan tambayar ta tashi daga "yaya za a yi da azaba" ta koma "wace rayuwa ce ta cancanci ci gaba", kuma ƙungiyoyin masu buƙata ta musamman sun daɗe suna cewa su da ake wanke wa jiki kullum suna jin wannan magana a kansu. Sannan iyakar tana matsawa. Beljiyam ta cire sharaɗin shekaru a 2014. Kanada ta fara a 2016 da waɗanda mutuwarsu ta kusa, a 2021 ta buɗe wa waɗanda ba ta kusa ba bisa binciken aƙalla kwana 90, ta kuma soke jiran kwana 10 ga rukunin farko. A 2023 mutum 15,343 suka mutu ta wannan hanya a can, kashi 4.7 cikin 100 na duk mace-macen ƙasar. A Holan a wannan shekarar mutum 9,068 ne, kashi 5.4.

Aikin kansa ma ba kullum yake tafiya sumul ba. Wanda ya sha da baki yana iya amai, an samu waɗanda suka farfaɗo, kuma a rahotannin Oregon akwai wanda ya haura kwana huɗu kafin rai ya fita. Mafi wuya shi ne mai ciwon mantuwa. A Holan a 2016 wata likita ta aiwatar da wasiyyar wata mata mai shekara 74 wadda ta rubuta roƙonta tun tana da hankali. An sa mata maganin barci a kofi, da ta motsa lokacin allura iyalinta suka riƙe ta. Kotu ta wanke likitar a 2019, kotun ƙoli ta tabbatar a 2020. Doka ta gamsu. Ni dai har yanzu ban ga amsar tambayar ba: wa za a saurara, matar da ta rubuta takarda shekarun baya, ko wadda ke janye hannunta yau?

Abin da ya fi tsaya mini kuwa lissafi ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 56.8 ke buƙatar irin wannan kulawa duk shekara, kuma kusan kashi 14 cikin 100 ne kawai ke samu. Kwamitin mujallar likitoci ta Lancet ya nuna a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi 1 cikin 100 na mofin da ake rarrabawa. Wanda ba a taɓa ba shi miligiram 5 ba, idan ya ce ya zaɓi mutuwa, tsakanin me da me ya zaɓa? Kuma abin ba tsada ba ne. A Yuganda, likita Anne Merriman ta fara haɗa mofin na ruwa daga gari tun 1993, a 2004 gwamnati ta ba nas-nas da aka horar izinin rubuta ta, abin ya isa ƙauyukan da likita bai taɓa takawa ba.

Ko ta wace hanya aka bi, kwanakin ƙarshe suna da alamominsu: barci ya yawaita, haɗiya ta tsaya, fitsari ya ragu, gwiwoyi da tafin ƙafa su yi sanyi da dabbare-dabbare, numfashi ya riƙa tsayawa daƙiƙa 20 ko 30 ya dawo. Muna gaya wa iyali waɗannan tun kafin su gani. A tanadi magani huɗu a kusa, na ciwo, na firgici, na amai, da na kakarin maƙogwaro. Kakarin nan ya fi damun masu ji fiye da mai yi, juya shi gefe ya fi zuƙe majina da inji amfani. A riƙa jiƙa masa leɓe da baki duk awa ɗaya ko biyu, in ya nemi kurɓar ruwa kuma yana iya haɗiya a ba shi. Kuma a sake duba shi kullum da tunanin ko mun yi kuskure, domin wasu sukan farfaɗo. Ingila ta ɗanɗana wannan: tsarin kula da masu gargara da aka fi sani da na Liverpool an ƙirƙiro shi da kyakkyawar niyya, amma a wasu asibitoci ya zama takardar cikewa, ana sa mutum a kai ba a gaya wa iyali ba, ana hana ruwa ga mai ƙishirwa. Bayan binciken da Julia Neuberger ta jagoranta a 2013 aka janye shi.

Idan numfashi ya tsaya, ana saurarar ƙirji da jin jijiyar wuya na minti biyar cikakku, a duba ƙwayar ido da fitila, a rubuta lokaci. A faɗa wa iyali da kalmar da ba ta da harshen damo, "ya rasu", kada a ce "mun rasa shi" a bar wani yana tambayar ina. A cire allurai da robobi. Ragowar mofin da midazolam mutum biyu ke ƙirga su, su sa hannu, a mayar ma'aji, in a gida ne kuma a karɓo su kada su kwana a aljihun tebur. Bayan 'yan makonni a kira wanda ya yi jinya a ji yadda yake, domin shi ne ke kwana da tambayar ko allurar ƙarshe ce ta tafi da shi, kuma sai an buɗe masa takardar magani an nuna masa adadin da lokutan.

Cikin makon muke zama mu ma'aikata, har da nas ɗin da ta fara jin maganar. A buɗe shafin daren farko, a karanta abu ɗayan da ya ce a ɗauke masa, a duba ko an ɗauke, da awa nawa aka yi kafin a ɗauke.